Rigar da Inna Tabawa Ta Ɗinka wa Kwamfuta

Idan uwa ta yi wa ɗanta kyauta, kyautar ta zama ita ke kashe masa sana'a, ita kanta uwar kuma ba ta tantance ko ƙauna ce ta sa ta yi ba ko haushi, da wane suna za a kira wannan kyauta? An tambayi malamai, an tambayi 'yan kasuwa, kowa ya faɗi nasa, amma ba a sami amsar da ta zauna ba, mai ba da labarin nan ma bai samu ba. Abin da ya rage a hannunmu shi ne labarin yadda wani dattijo ya raba gardamar ba tare da ya amsa tambayar ba.

An ce wai a wani gari da ya yi suna wajen aikin manyan riguna, an yi wani maɗinki mai suna Haladu. Ubansa, marigayi Malam Nakande, shi ne gwanin aikin hannu na garin a zamaninsa. Riga ɗaya sai ta ci masa watanni, amma in ta fito, sai a tsayar da mai ita a hanya ana juya shi ana kallo. Mahaifiyar Haladu, Inna Tabawa, ita ke murɗa wa mijinta zare, ita ke taya shi cikon wuya, kuma ko da idanunta suka fara dushewa allura ba ta bar hannunta ba.

Haladu ya tashi a cikin wannan aiki, sai zamani ya juya a kansa. Masu riga suka daina jira. Kowa so yake ya kawo yadi yau, ya sa riga jibi. Don haka ya haɗa hannu da wani abokinsa, Sallau. Sallau ya kawo babban keken da ke yin aikin wuya da kansa, Haladu ya sayo kwamfutar tebur wadda a cikinta ake zana aikin kafin a miƙa wa keken. Suka kafa shago a zauren gidan su Haladu, daidai inda Malam Nakande ya yi shekara da shekaru a zaune da allurarsa.

Ranar da aka shigo da kwamfutar, Inna Tabawa ta fito za ta unguwa, ta ga baƙin akwati a tsaye inda buzun mijinta yake a da. Haladu ya russuna ya ce, "Inna, ki ɗora mata hannu, ki sa mata albarka."

Ta dubi akwatin, ta dubi ɗanta. Ta ce, "Kai dai Allah ya yi maka albarka. Amma hannun da ya riƙe wa ubanka zare ba zai taɓa abin da ya zo ya kashe allura ba." Ta ja mayafinta ta wuce ta gefe, kamar mai kauce wa kwata.

Bayan 'yan makonni sai ta aika a kai mata kwalin da kwamfutar ta zo a ciki. Ba wanda ya san abin da take yi da shi sai ranar da ta fito da wani abu a ninke ta miƙa wa Haladu. Riga ce ta ɗinka wa akwatin. Ta yanke ta daga tsohuwar alkyabbar Malam Nakande, karan-miski mai kauri, ta yi mata shafi a ciki, ta zagaye bakinta da aikin hannu wanda rabinsa da lalube ta yi shi. Rigar ta rufe gaba da baya da gefe, ba a bar komai ba sai 'yar tsaga ta wayoyi da 'yar kafa ta makunni.

Ta ce, "Ka sa mata. Kada in sake fitowa in gan ta tsirara a mazaunin ubanka. In kana neman yardata, hannunka ba zai cire ba."

Haladu ya karɓa da hannu biyu, idanunsa suka kawo ruwa. Amma ko a lokacin bai san abin da aka ba shi ba. Wani lokaci ya ce wa kansa, Inna ta huce, ta tufatar da sana'ata da tufar ubana. Wani lokaci kuma ya ce, a'a, ba ta son ganinta ne, shi ya sa ta binne ta. Bai tambaye ta ba, don yana tsoron kowace daga cikin amsoshin biyu.

Ya sa wa kwamfutar rigar. Da sanyi komai ya tafi daidai. Da bazara ta kama, rufin kwanon zauren ya fara zuba wuta daga hantsi, sai kwamfutar ta fara gurnani. Daga gurnani ta koma nawa, a taɓa abu sai an jira kafin ya motsa. Daga nan, rana na take tsaka, sai ta ɗauke ɗif, zanen da Haladu ya wuni a kai ya tafi. A jira ta huce, a kunna, a sake daga farko, ta sake ɗaukewa. Riguna suka taru a kan igiya, masu su suka fara zuwa da fuska a murtuke.

Aka kira mai gyara, wani mutum mai suna Mudi. Ya ɗaga rigar kaɗan don ya kwance murfin gefe, ya ja hannu yana yarfewa. Da ya buɗe, ya nuna musu wani ɗan abu da bai kai kwalin ashana faɗi ba, a kwance ƙarƙashin wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, da fanka a kansa.

Ya ce, "Kun ga wannan, shi ne furosesa, ƙwaƙwalwarta ke nan. Duk lissafin da take yi a nan ake yinsa, kuma in yana aiki zafi yake haifarwa. Wannan ƙarfe shi ke tsotse zafin, fanka ta kore shi. Iska mai sanyi ta nan gaba take shiga, mai zafi ta baya take fita. To kun toshe gaba, kun toshe baya. Fankar tana ta juya zafi cikin zafi. Ɗaukewar da kuke gani ba lalacewa ba ce, ceton kanta take yi kada ta ƙone."

Ya hure burbushin zaren da ya cushe haƙoran ƙarfen, ya goge busasshen man da ke tsakanin ƙarfen da ƙwaƙwalwar, ya shafa sabo, fari kamar man goge baki. Ya mayar da murfi. Sannan ya ce, "Nawa na yi. Amma in dai wannan bargo yana kanta, ba mai gyaran da zai yi muku magani. Wata rana za ta ɗauke, ku kunna, ta ƙi tashi."

Da Mudi ya fita, Sallau ya kama bakin rigar zai ja. Haladu ya riƙe masa hannu.

Sallau ya ce, "Haba Haladu! Ba ka ji da kunnenka ba?"

"Na ji. Na kuma ji abin da Inna ta ce da kunnen nan dai."

"To ka shiga ka gaya mata."

Haladu ya shiga ya gaya mata. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Ƙarfe ne ke jin zafi? Tukunyata kullum a kan wuta take, ban taɓa jin ta suma ba. Abokinka ne ya ga aikin hannu ya tsone masa ido." Ta juya ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Da Haladu ya dawo da wannan amsa, Sallau ya rage murya ya ce, "Ka ga, Inna ba ta gani sosai. Mu cire da safe, in mun ji tafiyar takalminta mu yafa. Wa ya cutu?"

Haladu ya ce, "Da idonta garau ne, da wataƙila na yi tunani. Amma idon nan a kan zaren da ya ciyar da ni ya ƙare. Ba zan ci ribar makantarsa ba."

Sallau ba mugu ba ne, amma shi ma yana da iyali. Ya ce in rigar ba ta sauka ba, zai kwashe kekensa ya nemi wani abokin aiki. Haladu ya san in keken ya fita, shagon ya mutu, in kuma rigar ta fita da hannunsa, ya saɓa wa uwarsa a kan abu ɗaya tak da ta taɓa roƙonsa. Da suka kasa, suka ɗauki maganar zuwa wurin Sarkin Ɗinki, dattijon da maɗinkan garin ke kai wa ƙararsu.

Sunansa Ashafa. Kuma maganar ba ta zo masa da sauƙi ba, domin shi kansa a zauren Malam Nakande ya koyi riƙon allura, tuwon Inna Tabawa ya ci har ya zama mutum. Ya saurari Sallau, ya ga gaskiya tare da shi. Ya saurari Haladu, ya ga shi ma ba ƙarya yake bi ba. In ya ce a cire, ya koya wa ɗa tsallake maganar uwa, ya kuma wulaƙanta matar da ta rene shi. In ya ce a bari, ya rufe shago ya kashe amana tsakanin abokai.

Ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "Rigar nan, wa ya yi mata awo?"

Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a yi ba. Da kwali ta yi aiki. Ba ta taɓa kai hannu jikin akwatin ba."

Sarkin Ɗinki ya gyaɗa kai. Ya ce, "Gobe ku kunna ta tun safe, da rigarta, ku ba ta aiki mai nauyi. Zan zo in rana ta take. Ka gaya wa uwar ɗakina ina roƙon ta fito zaure."

Kashegari ya zo, zauren na huci, kwamfutar na gurnani ƙarƙashin karan-miski. Inna Tabawa ta fito da kujerarta 'yar tsugune. Sarkin Ɗinki, da rawaninsa da furfurarsa, ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "Ashafa mai satar ƙanzo, yau kai ne da shari'a a zauren nan? Tashi, kada gwiwar ta ƙi miƙewa mu shiga uku."

Ya yi dariya ya ce, "Uwar ɗakina, ƙanzon ne ya riƙe gwiwar har yau."

Bai ce komai a kan zafi ba, bai ce komai a kan iska ba. Ya matsa kusa da akwatin, ya kama bakin rigar yana dubawa kamar yadda maɗinki ke duba aikin ɗan'uwansa. Ya bi ɗinkin da farce. Ya juya shafin. Ya ce, "Sallau, zo ka gani. Kekenka zai shekara bai fitar da wannan ba. Dubi yadda zaren ya kwanta." Sallau ya duba ya ce gaskiya ne, don gaskiyar ce. Inna Tabawa ta gyara zama, fuskarta ta saki.

Sai Sarkin Ɗinki ya koma ya zauna, ya ce, "Ga hukuncina. Haladu ba zai cire rigar nan ba, domin an hana shi, kuma wadda ta hana shi tana da ikon hanawa. Sallau ba zai taɓa ta ba, domin ba shi ya ɗinka ba, ba shi aka ba ba."

Sallau ya buɗe baki, dattijon ya ɗaga masa hannu.

"Ban gama ba. Ni ba alƙalin uwa da ɗa ba ne, wannan ya fi ƙarfin rawanina. Ni Sarkin Ɗinki ne, kuma abin da ke gabana ɗinki ne. A sana'armu, rigar da aka ɗinka ba a auna mai ita ba, ba ta gama fita daga hannun maɗinki ba, komai kyanta. Komawa take yi wurin wanda ya ɗinka, ya auna jikin da hannunsa, mai rigar yana tsaye a kan aikinsa, sannan ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Almakashin wani ba ya shiga. Wannan doka ba ni na kafa ta ba. A zauren nan na koye ta, ranar da na ɗinka wa wani mahauci taguwa da kintace, wata mata ta sa na farke ta tun daga wuya har ƙasa, ta hana ni tuwo sai da na je na auno shi a bakin rumfarsa."

Inna Tabawa ta ce, "Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da na bar ka da ka zubar mana da mutunci."

"To, uwar ɗakina, an ce mini wannan da kwali aka auna ta. In ƙarya ne, na janye. In gaskiya ne, ki auna. Abin da kika ce bayan awo, shi ne hukunci, ni da su duk za mu bi. In kika ce ta yi daidai, rigar ta zauna, Sallau ya yi abin da ya ga dama da kekensa. Amma ba zan bari a ce ɗinkin ƙarshe da ya fito daga gidan Malam Nakande ya fito ba awo ba."

Haladu ya sunkuyar da kai, don ya ga dattijon ya ɗora shagon gaba ɗaya a tafin hannun tsohuwar.

Inna Tabawa ta ce, "Ashafa, ka girma da wayo, ba ka girma da kunya ba." Ta dafa gwiwa ta miƙe.

Tun da idonta ya raunana ta daina awo da igiya, da taƙin hannu take yi. Ta laluba bakin rigar, ta tura hannu ƙarƙashi don ta sami kafaɗar akwatin. Ta fizge hannun da sauri.

"Subhanallahi! Wa ya sa garwashi a ciki?"

Ta sake turawa, a hankali wannan karon. Ta bi gefe, taƙi bayan taƙi, ta kai baya. Nan ta tsaya. Iska mai zafi na bugun tafin hannunta, tana neman hanya, karan-miskin na mayar da ita.

Ta ce, "Haladu, wannan hucin fa?"

"Nan take fitar da numfashi, Inna. Ta gaba take shaƙa."

Ta zagayo da hannun gaba, ta ji ƙananan kafofin da shafin rigar ya manne musu. Ta ɗaga yadin kaɗan da yatsa, ta ji iska na ja ta tsakanin yatsunta.

"Tun yaushe take wannan hakin?"

"Tun shigowar zafi."

"Aikin me take yi yanzu haka?"

Haladu ya ce, "Aska takwas, Inna. Daga rigar Baba na kwafo zanen."

Tsohuwar ta juyo kansu da faɗa. "Ku biyu, ƙarti, kuna zaune kuna jin abu yana haki kamar jakin da aka yi wa lodi, ba wanda ya kama hannuna ya ɗora? Sai surutu, iska kaza, fanka kaza. Kuma wa ya manna ta da bango? Wa ya ajiye ta a ƙasa cikin burbushin zare? Ubanka in yana aiki da zafi, daga shi sai 'yar shara, a bakin ƙofa inda iska ke kaɗawa. Alkyabba sai in ya tashi daga aiki."

Sallau ya ce, "Inna, ai mun..."

"Rufe mini baki, mai keke. Kawo benci."

Sallau ya ruga ya kawo benci yana murmushi. Sarkin Ɗinki ya ce, "Uwar ɗakina, ba mu ji sakamakon awo ba."

Ta ce, "Ba ta yi ba. Rigar hutu ce na ɗinka wa mai aiki. In an tashi, ta huce, a sa mata saboda burbushi. In tana aiki, kada wanda ya kusance ta da ko ƙyalle."

Haladu ya rayu shekaru masu yawa bayan wannan rana, shagon ya bunƙasa, shi da Sallau ba su rabu ba. Duk lokacin da aka ambaci Sarkin Ɗinki Ashafa a gabansa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi masa addu'a. Yakan ce, mutane da yawa za su iya cece masa shago su bar shi da ciwon saɓa wa uwa, wasu kuma za su iya yaba masa biyayya su bar shi da yunwa, amma mutum ɗaya ne ya mayar masa da duka biyun bai karya ko ɗaya ba. Yana gode wa Mudi da ya faɗi gaskiya bai rage ba, yana gode wa Sallau da ya kai ƙara maimakon ya ci amana a ɓoye. Ko ƙauna ce ta ɗinka rigar ko haushi, bai taɓa sani ba, daga baya ma ya daina nema.

Masu hankali suka ce, abin lura a nan shi ne: wanda ya rufe abu saboda bai san shi ba, ba a buɗe masa da gardama, sai dai a nema masa hanyar da zai taɓa da hannunsa mutuncinsa na tare da shi.

A ranar dai, Haladu ya miƙa hannu zai taimaka mata da rigar, ta buge hannun.

"An hana ka, ka manta?"

Ta kama karan-miskin ta kafaɗu biyu, ta zare shi sama a hankali, ta ninke ta rataya a kafaɗarta. Aka ɗora akwatin a kan benci, nesa da bango. Kafin su gama gyara wayoyi gurnanin ya fara sauka, har ya koma ɗan siririn sauti. Inna Tabawa ta tsaya tana saurare, kanta a karkace. Sannan ta shimfiɗa tafin hannunta a kan baƙin ƙarfen, ta bar shi nan.

Ta ce, "To, ke ma Allah ya yi miki albarka. Ki yi masa aikin da kyau, kada ki karkata askar."